Gurbin da Aka Bari a Waƙa ta Uku

4 ga Oktoba

Zuwa ga ƙawata Glenys,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin sauƙi. Yaya jikin? Yaya injin nan da ke wanke miki ƙoda sau uku a mako, yana dai yi miki biyayya? Yaya zaman Alice Springs da matan masaukinku? Ki gaishe su duka, har da wadda kika ce tana ɗebe miki sukari. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara shigowa.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni, ni da malamar mishan ta ce rubutuna kamar tururuwa ce ta faɗa tawada ta bi takarda. To, ba yadda zan yi. Yau wata biyu ke nan da tsohon nan nawa ya tafi, kuma tun ranar da aka aske mini kai aka shafa mini farar ƙasa ban furta kalma ɗaya ba, sai magana da hannu, yadda iyayenmu suka yi tasu takabar. Matan yanzu ba kowa ke riƙewa haka ba, amma yayarsa Maudie tana raye, idonta kuma ƙyar a kaina. Ki duba fa, ni Noeleen, wata biyu shiru! Karnuka ma sun fara yi mini kallon tausayi. Jiya na zauna na yi tunani, na ga ba wanda ya taɓa hana biro magana.

Mun bar gidan, an turara shi da hayaƙi, muna zaune a zangon makoki bayan filin ƙwallo. An sauke hotunansa, sunansa ma an ajiye shi. Baturen nan na asibitinmu da suke suna ɗaya, yanzu Kumanjayi kowa ke kiransa, yadda ake kiran duk mai sunan mamaci, shi kuma sai washe baki yake yi, ya ɗauka sarauta aka ba shi.

Abin da ya sa na ɗauki biro dai shi ne Rhonelle, jikata ta wajen ɗana Desmond. Kin san ta da jita tun tana 'yar mitsitsiya, kakanta ne ya koya mata. Bara wani kamfani a Tamworth ya ɗauke ta ta yi kundin waƙoƙinta na kantiri, irin na makiyaya da ake yi da jita, guda goma sha ɗaya, duk ita ta rubuta da kanta. Ta sa masa suna Hanyar Shanu. A watan Mayu ta zo ta tafi da tsohon a jirgi don ya sa murya a waƙa ta uku, wadda ta yi a kan rijiyar nan mai fankar iska, inda ya shekara talatin yana shayar da shanun Turawa. Ita ta yi baiti biyu, shi ya yi na tsakiya.

Da ya dawo ba wanda ya huta. Wai an sa shi a wani ɗaki mai katifa a bango, aka ce ya cire hula ya sa abin kunne, ya ce wa mai situdiyon, "Ɗana, ko fasto sai da ya roƙe ni." Dole a kan hular suka ɗora masa. Na ce masa, "Tsoho, shekara hamsin kana yi wa shanu waƙa ko ɗaya ba ta tafa maka ba, yanzu kuma mutane za ka addaba?" Ya ce, "Ki jira ki ji ni a rediyo, tsohuwa, sai kin bi layi kafin ki gan ni."

Bai jira ba. Ya tafi farkon Agusta, kundin ya fito tsakiyar Satumba da muryarsa a ciki, da sunansa a bayan kwali. Rhonelle ta gaya wa mutanen kamfanin yadda muke yi, cewa a wurinmu ba a sauraron muryar mamaci. Suka ce an riga an buga, amma za su manna 'yar takarda mai gargaɗin cewa akwai muryar mamaci a ciki. Su a wurinsu magana ta ƙare ke nan. Ita kuma kundinta na farko ne, ga shi da bakinsa ya ce yana son duniya ta ji shi. Sai ta bar su.

A birane an karɓe shi hannu biyu. Desmond ya karanta mini a wayarsa cewa wata jarida a Sydney ta ba ta tauraro huɗu cikin biyar. Na tambaye shi da hannu ina suka kai ɗayan. Kuma duk mai yabo, waƙa ta uku yake yabo. A nan kuwa Clancy mai gidan rediyonmu ya samu nasa faifan, ya jefa a durowa ko ledar bai yage ba. Ba wanda ya ce wa Desmond barka. Yaya Maudie ba ta ce komai ba tukuna, kuma shirunta ya fi nawa ban tsoro.

Ki yi mini addu'a a kan yarinyar nan. Ki riƙa shan maganinki, ban da ɓoye shi a ƙarƙashin filo.

Taki har kullum,
Noeleen

12 ga Nuwamba

Ƙawata Glenys,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, na samu amsarki a jirgin ranar Alhamis. Na gode da alewar. Na ga kin ce shirun nan hutu ne Allah ya ba mutanen garinmu. Ki ci gaba, ina tara miki, bakina zai dawo.

Abin da nake tsoro ya faru ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, a gaban kanti. Mun je sayen gari da ganyen shayi, mu wajen goma sha biyar, har da Yaya Maudie a kan kekenta na guragu. Sai ga wani baƙo cikin masu gyaran hanya ya tsaya shan mai, gilashin motarsa a sauke, waƙa tana tashi. Na ji jita, na ji muryar Rhonelle, kafin in gane me ake ciki sai ga shi. Shi ɗin dai, Glenys. Har da ɗan gyaran muryar nan da yake yi kafin ya fara, kamar mai shirin yin ƙarya.

Wuri ya watse. Mata suka toshe kunne suka yi bayan kanti da kuka, maza suka sunkuyar da kai suka juya baya. Clancy ya ruga ya zura hannu cikin motar ya kashe. Bawan Allah baƙon nan ya tsaya da bututun mai a hannu yana cewa, "Me na yi? Waƙar 'yar garinku ce fa, don ku na ƙara sauti!" Da aka yi masa bayani sai da ya cire hula, ya yi ta ba da haƙuri. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya riƙe shi.

Yanzu ga abin da ba zan gaya wa kowa ba sai ke. Duk matar da ke iya gudu ta gudu, ni ban gudu ba. In an tambaye ni zan nuna gwiwata, kin san ta da ciwo. Amma ke kin san gwiwar nan tana kai ni wurin karta da sauri in na ga dama. Na tsaya ne ina gyara ɗaurin buhu, na ji layi biyu cif. Yana jan ƙarshen kalma yadda yake yi in yana kiran shanu da yamma. Na kai gari zango, kuma tun ranar, in na kwanta hutawa sai in ji layi biyun nan suna zagaya mini. Ban sani ba ko daɗi na ji ko ciwo.

Da la'asar Yaya Maudie ta sa aka kira Desmond. Ta ce, "Muddin ƙanena yana yawo a motocin baƙi, ƙafar 'yarka ba za ta taka zangon nan ba. Ko ranar ɗage makoki kada in gan ta." Desmond ya ce, "Gwaggo, shi fa ya ce yana so a ji shi." Ta ce, "Da yana da rai muryarsa ce, ya yi abin da ya ga dama. Yanzu mu ne za mu ji ta. Kuna ta kiransa safe da yamma daga Darwin har Sydney, ta yaya zai kama hanya ya koma ƙasar kakanninsa?" Ya buɗe baki zai ƙara, ta ce, "Ni na goya ubanka, kada ka koya mini shi."

Kin san Maudie. Ba mugunta ba ce. Su tara uwarsu ta haifa, ita kaɗai ta rage.

Rhonelle ta ji labari. Desmond ya ce ta yi kuka a waya har katinta ya ƙare. Tana can tana yawon wasa a garuruwan Queensland, ana cika mata wuri, gida kuma an rufe mata ƙofa. Kirsimeti ga shi tafe, kuma ba ta taɓa yin sa a wani wuri ba.

Ki gaida likitarki mai gajeren wando. Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙawarki,
Noeleen

10 ga Janairu

Glenys 'yar uwata,

Ina gaisuwa, ina kuma yi miki barka da sabuwar shekara. Yaya ƙarfin jiki? An ce kin yi rawa a bikin masaukinku har nas ta zo ta zaunar da ke. Ba ki canja ba. Nan ruwa ya sauka, hanya ta yanke kwana tara, jirgi ma bai zo ba, shi ya sa kika ji ni shiru, wannan karon har a takarda.

Kirsimeti ya wuce ba Rhonelle. Na gasa wutsiyar kangaru biyu saboda sabo, ta biyun sai maƙwabta na ba.

Ana cikin haka sai labari ya zo cewa an sa waƙa ta uku cikin waɗanda za su yi takarar kyauta a babban bikin Tamworth na ƙarshen wannan wata. Kin san abin da bikin nan yake a wurin tsohon. Duk shekara yana manne da rediyo yana gyara wa alƙalai hukunci. Mutanen kamfani suka tsara cewa Rhonelle za ta hau dandamali ta rera, in an zo baitinsa a saki muryarsa daga na'ura, a haska ƙaton hotonsa a bayanta, kuma a nuna a talabijin. Wai don girmama shi. Har ga Allah da zuciya ɗaya suka faɗa, su haka suke girmama nasu.

Ranar Lahadi bayan coci ta kira wayar ubanta ta ce a ba ni. Desmond ya ce, "Kin manta kakarki ba ta magana?" Ta ce, "Baba, ka ba ta cokali da gwangwanin shayi. Bugu ɗaya e, bugu biyu a'a." Kin ji 'yar banza da wayo, ni ta gado.

Ta fara da tsokana. "Kaka, kina kewata?" Na buga biyu. Ta yi dariya. "Kaka, har yanzu kina cuta a karta?" Na buga biyu da ƙarfi, Desmond ya ce ƙarya nake yi. Sai muryarta ta sauya. Ta ce ta yi magana da mai situdiyon, ya ce zai iya zare muryar kakanta daga waƙar a bar jita kaɗai, a janye tsohon kundin daga kantuna da wayoyi a saki sabo. Amma in an yi haka waƙar ta fita daga takara, kuma mutanen kamfani sun ce ita ce ke jan sauran goman, ba su san ko za su sake yin wani kundin da ita ba. Ta ce ta yi ta juya abin har ta gaji. Ta ce, "Kaka, ke kika zauna da shi shekara hamsin da ɗaya. Ba Kaka Maudie nake tambaya ba, ke nake tambaya. In cire shi?"

Glenys, na riƙe cokalin nan har Desmond ya duba ko wayar ta katse. Zuciyata biyu take so in buga. Ina so ya hau dandamalin nan da hularsa, ina so alƙalan da ya shekara arba'in yana zagi su miƙe su tafa masa. Kuma, ke kaɗai zan gaya wa, ina so wata rana wata motar ta sake tsayawa shan mai. Sai na tuna fuskar Maudie a gaban kanti, ta kasa tura kekenta ta kasa toshe kunne, tana zaune a tsakiyar rana ƙanenta yana waƙa a kanta. Na kuma tuna yarinyar nan za ta iya cin kyauta goma, amma in ba ta da wurin da za ta sauke jakarta, me ta ci?

Na buga ɗaya.

Ta ce, "Ɗaya na ji, ko akwai saura?" Na kife gwangwanin. Ta ce, "To, Kaka." Daga nan na shiga bayan tanti na daɗe ban fito ba, na bar su suna zaton cikina ne ya ɓaci.

Ban sani ba ko na yi daidai. In na cuce ta, ni na cuce ta, ba Maudie ba. Ki rubuto mini ko da zagi ne.

Taki,
Noeleen

6 ga Maris

Ƙawata ta ƙuruciya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya haƙuri da abincin asibiti? Na ji an ce kin ƙara kiba, na ce to ashe mai ɗebe sukarin ba ta kai ki iyawa ba. Na gode da wasiƙarki. Ban yi zaton za ki iya rubuta shafi guda ba tsokana a ciki ba, har na sa Desmond ya duba ko hannunki ne.

Ga yadda aka ƙare. An janye waƙar daga takara, wani saurayi mai waƙar motar ɗaukar kaya ya ci kyautar. Sabon kundin ya fito tsakiyar Fabrairu, ba sunansa a bayan kwali. Jaridar nan ta Sydney ta sake rubutu, ta ce an cire wa kundin zuciyarsa, wai waƙa ta uku yanzu kamar gida ne da aka kwashe kayansa. Wasu sun rubuta cewa ta kyauta, wasu sun ce ta yi wauta. Mutanen kamfani ba su kore ta ba, ba su kuma ce mata komai a kan kundi na biyu ba. Ainihin muryar tana kulle a wurin mai situdiyon, ya yi alkawari ba mai taɓa ta sai danginsa sun ce a buɗe, ko shekara nawa za a yi.

Rhonelle ta iso ranar Juma'a da rana a motar asibiti, daga ita sai jaka da jita. Ba ta shigo zango kai tsaye ba. Ta zauna a bakin filin ƙwallo, nesa, kanta a ƙasa, yadda ya kamata. Muna ƙarƙashin bishiya mu wajen talatin, kowa yana satar kallon Yaya Maudie, ita kuma tana ta fama da shayinta kamar ba ta ga kowa ba. Sai da ta shanye tas ta ce wa Clancy, "An ce an gyara. Ni ban yarda da an ce ba. Sa mu ji."

Clancy ya kawo na'urarsa ya ɗora a kan durom. Ya ce, "Gwaggo, in fara daga ta ɗaya?" Ta ce, "Kai, ina da shekarun jiran ta ɗaya? Sa ta ukun."

Jita ta fara, Rhonelle ta yi baitinta. Da aka zo tsakiya na ga mata sun kai hannu kusa da kunne, ko da wani abu. Ba kowa. Jita ce kawai take tafiya a hankali, ita kaɗai, daidai tsawon baitinsa. Ba ta cike wurin da tata muryar ba, ba ta sa wani ya maye shi ba, ba ta kuma gajarta shi ba. Tsofaffin da suka yi kiwo tare da shi suka sauke huluna kan gwiwa. Ba wanda ya yi kuka mai sauti. Sai muryarta ta dawo ta ƙarasa.

Yaya Maudie ta ce, "Sake." Aka sake. Ta ce, "Sake." Sau uku muka ji ta. Sannan ta ɗaga murya yadda za a ji har bakin fili, ta ce, "Wannan da ke zaune can kamar baƙuwar coci, 'yar waye? Mutanen birni ba sa ba mawaƙa abinci ne? Dubi wuya kamar na jimina." Ta ja bargon da ke gefen kekenta ta shimfiɗa da ƙafa. Rhonelle ta taso ta durƙusa ta rungume ta, suka yi kukansu, sannan ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina na murɗe mata kunne, don kada ta ɗauka na yi laushi.

Tun ranar Clancy yake sa kundin safe da rana, har mutane sun fara roƙonsa ya tuna akwai wasu mawaƙan a duniya. Yara sun haddace ta bakwai, wadda ta yi a kan wata tsohuwa mai cuta a karta. Ban san wa take nufi ba. Yaya Maudie ta ce za a ɗage makoki in sanyi ya shigo, kuma Rhonelle ce za ta tura kekenta zuwa wurin.

Ga faifan nan na sa miki a cikin ambulan, ki sa wa matan masaukinku. In kin zo waƙa ta uku kika ji an daina waƙa a tsakiya, kada ki hau dukan rediyon mutane kina cewa ya lalace. Ki ajiye hannunki a cinya ki jira. Wurinsa ne.

Rhonelle tana gaishe ki, Desmond ma haka. Allah ya ba ki lafiya, ya dawo mana da ke gida.

Ni ce taki,
Noeleen